Yadda Bakina Ya Kusa Cinye Minti Ukun Takwara

"Na ce ba inda za ki. Sau nawa kike so in faɗa?"

Ɗana ne, uban Takwara, tsaye a tsakiyar falo, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana nuna 'yarsa da shi. Ƙarfe tara saura kwata na safiyar Alhamis. Ita kuma jikar tawa tana jingine da ƙofar ɗakinmu, ta gama shiri tsaf: doguwar riga ruwan toka wadda na goge mata jiya da hannuna, farin mayafi, takalmi marar tudu, ga takardu ta rungume a ƙirji kamar jaririya.

"Baba, sunana yana cikin jeri. Ƙarfe goma sha ɗaya za a kira ni."

"Abin da nake gudu ke nan, Uwata. Sunan!" Ko a cikin faɗa ba ya iya kiran sunanta, don nawa aka sa mata, shi ya sa ni kuma nake ce mata Takwara. "Shekara ashirin da shida ina ɗakin fayil a ma'aikata. Gwamnati huɗu ta zo ta same ni, ta tafi ta bar ni. Kin san dalili? Ba a taɓa ganin sunana a kan wata takarda ba sai ta neman hutu. Yau da sassafe abokin aikina ya turo min hoto, wai barka, ashe biki ya matso. Sunan 'yata a allon sanarwa, har da zancen aure, ni uban ban sani ba!"

Ya juyo gare ni. "Inna, kin san da wannan?"

Ina kan kujerata ta bakin taga, ƙafafuna a kan matashi, kofin shayi a hannu. Na hura shayin, ko da yake ya daɗe da hucewa.

"Ni? Ina nan zaune ina fama da ƙafa."

Jama'a, ƙarya na yi. Ku matso in faɗa muku gaskiya tun da ku ba za ku harare ni ba. Wannan wutar ni na kunna ta, kuma da bakina.

Bari in ɗan ja ku baya. Wata biyar ke nan da gwamnati ta faɗi. Sati uku mutane suna titi, kantuna a rufe, rediyo ba ta sa komai sai kiɗa, sai wata safiya aka ce babban ya sauka, majalisa ta watse, an naɗa na riƙon ƙwarya. Ni dai abin da na fara lura da shi, motar kwasar shara ta daina zuwa layinmu. To su waɗannan na riƙon ƙwarya, ko don Allah ko don tsoron titi, suka ce za a sake rubuta dokar ma'aikata, kuma ba za su rubuta su kaɗai ba. Suka kafa kwamiti na mutum tara, suka ce kowace ƙungiya ta zo babban zaure ta faɗi abin da ke cinta. Minti uku kowa. In ya cika a kaɗa ƙararrawa, ko kana tsakiyar kalma, ka sauka.

Takwara tana aiki a wani babban kanti, wajen sallamar masu sayayya. Daga takwas na safe zuwa shida na yamma, a tsaye. Manaja ya ce zama yana sa mai saye ya ga kamar ba a damu da shi ba. Wata abokiyar aikinta mai cikin wata bakwai ta samo kwali tana ɗosana a kai in ba mutane, aka zo aka ɗauke kwalin. Ranar Takwara ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Daga nan ta shiga tara lambobin waya: 'yan kanti, masu guga a kamfanonin wanki, masu gadin ƙofa, masu naɗe kaya a masana'anta. Suka sa wa kansu suna ƙungiyar masu aikin tsaye. Buƙatarsu guda ɗaya tak: a rubuta a doka cewa duk mai aikin tsaye a ajiye masa abin zama kusa da shi, kuma kada a hana shi zama in aiki ya lafa. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu suka sa hannu. Ni ce ta farko a takardar, don shekara talatin da ɗaya na yi ina guga a kamfanin wanki, zannuwan gadon otal da na asibiti, kafin ƙafa ta ce ta gaji.

A wajen rajistar ƙungiyar ta haɗu da shi. Ma'aikacin kwamitin ne, shi ke riƙe da agogo da ƙararrawa, shi ya sa a gidanmu ba shi da wani suna sai Mai Ƙararrawa. Dogo, siriri, da tabarau, in zai yi magana sai ya fara gyara su da ɗan yatsa. Shekara uku yana yawon neman aiki kafin ya sami wannan, na wata shida, da alƙawarin in ya yi kyau za a riƙe shi a sabuwar majalisa. Ranar Asabar yake zuwa, ƙarfe biyar daidai, ya tashi ƙarfe shida daidai. Uban Takwara ya gan shi sau biyu da fayil a hammata, ya ɗauka aikin ƙungiya ke kawo shi. Ni kuwa tun ranar farko na ga yadda yake kallon tafin hannunsa in ta shigo da shayi.

Na kuma ga hannun rigarsa. Layin guga biyu, ɗaya kusa da ɗaya, kamar titin jirgin ƙasa.

"Ɗan nan, wa ke maka guga?"

"Ni ne, Kaka."

"An gani."

Ya yi dariya har tabarau suka zame. Na ce a raina wannan ba shi da mugunta, kuma ba shi da kowa a ɗaki.

Yanzu sai laifina na farko. Ina karanta wayar Takwara. In ta shiga wanka takan bar ta a kan gado, lambar buɗewa kuma shekarun da na ce mata ina da su ne, an maimaita sau biyu. Wanda ya sa shekarunka a wayarsa ai gayyatarka ya yi. Karatuna na ajin manya ne, da ɗan yatsa nake bi, amma Takwara tana daɗewa a wanka.

Ga irin abin da suke turo wa juna:

"Kin zauna ko na minti biyar yau?"

"Ina fa. Na karanta jawabin a gaban madubi, minti huɗu da rabi."

"Ki rage gaisuwa. Mutane suna cinye minti guda wajen gaida shugaba da mambobi ɗaya bayan ɗaya. Ki ce sannunku, ki shiga magana."

"In na wuce za ka kaɗa min?"

"Zan kaɗa. Raina ba zai so ba, amma zan kaɗa."

Ta tura masa 'yar fuskar nan mai hararar gefe. Ya turo mata hoton ƙararrawar a kan tebur, ya rubuta a ƙasa: "Tana gaishe ki."

Kun gani ko? Da idona na karanta cewa yaron nan ba zai ƙara mata ko daƙiƙa ɗaya ba. Ku riƙe wannan, don ku san girman abin da na yi.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je wajen mai kitso, hawa na biyu a gininmu. Gashin nawa bai kai a kitsa ba, amma ina zuwa duk sati, don a can ake sanin wa ya yi me. Ɗakin cike, fanka tana juyi tana kuka, mata biyar a kan tabarma, ana zancen kwamiti. Akwai wata 'yar gajera mai jan farce, mijinta direban shugaban masu kantuna ne. Ita ta fara.

"Minti uku? Kafin jikarki ta gama sallama an kaɗa mata. Su oga lauya suka ɗauko, mai magana kamar keken ɗinki. Wa zai saurari 'yar kanti?"

Mai kitso ta ce, "Ai kuwa. Irin wannan taron na masu takalmi mai ƙara ne."

Aka yi dariya. Da na haɗiye gorin nan da yanzu kowa yana zaune lafiya. Sai na gyara zama, na ɗan kalli silin, na ce, "Ku dai ku zuba ido. Wanda ƙararrawar ke hannunsa, a falona yake shan shayi duk Asabar."

Har mai kitso ta saki gashin da ke hannunta.

"Kaka! Surukinki ne?"

"Ni ban ce komai ba. Kada dai ya wuce ɗakin nan."

Shekarata nawa a duniya, na san abin da wannan kalmar ke yi. In kana so zance ya yi gudu, ka ce kada ya wuce ɗakin nan.

Ranar Litinin zancen ya dawo min ta bakin mai sayar da kayan miya a ƙofar gini. Ta ja ni gefe, ta rage murya, ta ce in ji wani abin mamaki: wai an yi wa yaron da ke riƙe ƙararrawar kwamiti alƙawarin mata, shi kuma zai ba wata ƙungiya rabin awa, kuma wai shi da kansa ya rubuta musu jawabi. Na riƙe haɓa na ce, "Kai, mutane ba su da tsoron Allah." Na sayi tumatir na hau sama.

Ranar Talata ƙungiyar masu kantuna ta kai ƙorafi a rubuce. Ku tuna, gwamnatin da ta faɗi, rabin abin da ya kayar da ita 'yan'uwa da surukai ne a kowane ofis. Don haka wannan kwamitin ko ƙamshin surukuta ya ji sai ya toshe hanci. Shugabar, wata tsohuwar alƙaliya mai farin gashi, ta kira Mai Ƙararrawa ta miƙa masa fom mai tambaya guda: kana da wata alaƙa, ta jini ko ta aure ko makamanciyarta, da wani daga cikin masu magana? In ya ce babu, shi ke nan, a ci gaba. In ya ce akwai, to ɗaya zai fita: ko shi ya ajiye aikin, ko a cire ƙungiyar Takwara a jeri sai zagaye na biyu. Zagaye na biyu kuwa, a ƙasar da ba wanda ya san wa zai kwana yana mulki, daidai yake da babu. Ta ba shi zuwa Laraba da rana.

Takwara ta dawo da yamma ba ta ko cire jaka ba ta tsaya a kaina.

"Kaka, wa kika faɗa wa?"

"Mutum ɗaya."

Ta ɗaga min gira.

"To, biyar. Amma ɗayar ba ta ji sosai."

Na so ta yi min ihu. Ba ta yi ba. Ta ɗebo ruwan ɗumi a roba, ta zauna bakin gado ta tsoma ƙafafunta kamar yadda take yi kullum, ta ce, "Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu, Kaka. Wata a bayan gida ta ɓuya ta sa hannu don kada manaja ya gani. Wani mai gadi da ba ya rubutu sai da ya yi kwana biyu yana koyon sunansa."

"Takwara, bakin ne ya..."

"Na sani. Tare muke kwana da shi."

Ta juya min baya.

Washegari ta shiga wanka, wayar tana kan gado. Na ce yau kam ba zan taɓa ba. Na taɓa.

Ta rubuta masa: "Ka sa babu. Ba ka je wajen Baba ba, ba a yi maganar komai ba. Ba ƙarya ba ce. Ka tsira da aikinka, mu tsira da minti ukunmu."

Ya amsa: "A takarda ba ƙarya ba ce."

Ta ce: "To?"

Ya ce: "Ni na san abin da ke kawo ni gidanku ranar Asabar."

Ta ce: "Shekara uku kana neman aiki. Kada ka yi min haka."

Ta tura alamar tambaya har sau uku. Na ajiye wayar yadda na same ta, fuska ƙasa, na koma kujerata ina jin kaina kamar tsumma.

Ƙa'idar kwamitin ita ce duk fom ɗin da aka cike sai a manna shi a allon ƙofar zaure kowa ya gani. Da azahar ta Laraba aka manna nasa. Kafin la'asar hoton ya zagaya wayoyin gari, har mai kitso ta sauko da kanta, da tsinken kitso a hannu, ta nuna min. Rubutunsa ƙanana a jere kamar tururuwa:

"Akwai. Ina da niyyar neman aurenta in iyayenta sun amince. Ban sanar da su ba tukuna. Na ajiye aikina daga yau don a bar ƙungiyarta a jeri."

Ya rubuta sunanta cikakke, da na ubanta, ya sa hannu, ya sa kwanan wata, har da ƙarfe nawa.

Mai kitso ta ce, "Kaka, ashe gaskiya kika faɗa."

Na ce, "Tashi ki ba ni wuri."

Na nemo lambarsa, kun san inda na samo, na kira.

"Ɗan nan, ni ce. Mai bakin."

"Na gane muryar, Kaka. Ina wuni?"

"Bar gaisuwa, kai ka ce tana cin lokaci. Ka yafe min?"

Ya yi 'yar dariya. "Wata uku ina neman ta inda zan fara faɗa. Kin rage min hanya."

"Aikin fa?"

Ina jin ƙarar motoci a bayansa, da alama a bakin titi yake tsaye. Sai can ya ce, "Wanda zai karɓe ni ba ya jira ko kaɗan. Ki ce mata ta tsaya a minti biyu da daƙiƙa hamsin."

Abin da ya ce ke nan. Na kashe wayar na share hancina da bakin mayafi. Da Takwara ta dawo na isar da saƙo, na karɓi rigarta na kafa teburin guga. Na yi rabin awa a tsaye, abin da likita ya hana ni. Ba ta ce ta yafe ba, amma ta kawo min kujera ta ajiye a bayana.

To mun dawo safiyar Alhamis, ɗana da takalmi a hannu.

Uwar Takwara ta leƙo daga kicin da ludayi. "Don Allah ka rage murya, maƙwabta..."

"Maƙwabta? Gari duka ya karanta!" Ya ajiye takalmin a kan tebur, ya sassauta murya, kuma wannan ta fi ihun nauyi. "Uwata, saurare ni. Ba wannan ne karo na farko da aka ce jama'a su zo su faɗi ra'ayi ba. An yi shekara goma sha tara da suka wuce, kina 'yar shekara biyar. Mutane suka zo suka yi magana, aka rubuta sunayensu, aka tafa musu. Bayan wata takwas gwamnati ta canza. Sababbin suka aiko ɗakinmu a kawo musu jerin. Ni na ɗauko fayil ɗin daga kanta ta uku, da hannun nan. Na san abin da ya sami waɗanda ke ciki. Wasu har yau ba su sake samun aiki ba. Waɗannan na yanzu, wa ya ce miki za su kai ƙarshen shekara?"

Takwara ta sunkuyar da kai. Ban taɓa jin wannan labarin ba, ni da nake jin na kowa. Yaron nan ba rigima yake ba, tsoro yake ji, kuma tsoronsa yana da tushe.

"Baba, in ban je ba, ya ajiye aikinsa a banza."

"Ni na sa shi? Yaron da zai rubuta neman aure a fom ɗin gwamnati!"

"Mutum ɗari huɗu..."

"Duk wannan a kan kujera? Mutane suna ta tsayuwa tun kafin a haife ki, ba wanda ya mutu."

Na ajiye kofin.

"Baban Takwara."

"Inna, don Allah."

"Zo ka kwance min bandejin nan, ya matse ni."

"Yanzu? Uwata, zo ki..."

"Kai na ce."

Bai taɓa yi ba. Kullum Takwara ce ko uwarta, a ɗaki, ƙofa a rufe, in fito da doguwar safa har gwiwa. Amma ɗana bai taɓa ce min a'a a kan aike ba. Ya durƙusa da wandonsa na ofis, ya zare safar, ya kama bakin bandejin ya fara warwarewa, fuska a ɗaure. Zagaye ɗaya, biyu, uku. A na biyar hannunsa ya tsaya.

Ba zan ɓata muku safiya da bayani ba. Jijiyoyi ne sun kumbura sun murɗe kamar igiya, idon sawu ya yi baƙi, ga wani miki a gefe da ya shekara huɗu yana rufewa yana buɗewa.

"Tun yaushe?"

"Jijiyoyin, tun kana aji uku. Ka tuna ina dawowa in ce ka miƙo min matashi, kai kana zaton son jiki ne?"

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Ni da nake faɗin na kowa, nawa ne kaɗai na riƙe." Na gyara zanena. "Gaskiyarka, ba wanda ya mutu. Ga ni. Je ka ɗaga rigar 'yarka ka duba bayan gwiwarta ta hagu. Ta fara. Shekararta ashirin da huɗu."

Takwara ta ce, "Kaka!"

"Yi min shiru. Yau ranar tonon asiri ce. Kuma kai, ka tambaye ni ɗazu na ce ban sani ba. Ni na kai zancen wajen mai kitso. Yaron nan ba shi da laifi sai na ƙin yin ƙarya."

Bai ko ɗago ba. Ya mayar da bandejin a hankali, a karkace, bai iya ba. Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. Sai ya miƙa hannu wajen 'yarsa ba tare da ya kalle ta ba.

"Ba ni takardar."

Ta ƙara rungume ta. Jawabin ne a sama, a ƙasa kuma takardun sa hannu, na asali, ba su da na biyu. Ta kalle ni. Ni kaina ban san abin da zai yi ba, amma ni na haife shi. Na gyaɗa mata kai.

Ya karɓa, ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya karanta a tsaye, leɓɓansa suna motsi. Ya juya shafi, ya duba baya, ya ɗaga ta ga haske. Sai na ga fuskarsa ta canza, ta koma irin wadda yake fita da ita ofis.

"Wa ya shirya wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Ina kwanan wata?"

"Ai karantawa zan yi."

"Ina sunan wanda aka rubuta wa? Ina lambar shafi? Da allurar ɗinki kika haɗa su?" Ya kaɗa takardun, muryarsa ta sake tashi. "Kin ɗauka abin da kika faɗa da baki shi zai zama doka? A zauren zai kwana! A tafa miki, a share wurin, shi ke nan. Abin da ya shiga fayil, aka buga masa hatimi, aka ba shi lamba, shi ake dubawa ranar rubutu. Takarda irin wannan, ba kwafi, ba shaidar karɓa, ko masinja zai iya shimfiɗa ta ya ci abinci a kai. Na san yadda takarda ke mutuwa. Ɗaruruwa na binne."

Uwar Takwara ta sauke ludayin a hankali.

"Mutum nawa ne a kwamitin?"

"Tara."

"Tara. Kuma kwafi ɗaya kika yi." Ya girgiza kai kamar an zage shi. "Shi wancan mai agogon bai gaya miki ba? Ƙararrawa kaɗai ya sani?"

Ya ɗauki takalmin daga tebur ya tura ƙafa ko igiya bai ɗaure ba. Ya buɗe jakarsa ta ofis, ya zaro sabon fayil, ya shimfiɗa takardun a ciki ba tare da ya lanƙwasa ko kusurwa ɗaya ba. Na kalli agogon bango: tara da minti ashirin da biyar.

"Baba, su kaɗai ne gare ni. Goma sha ɗaya za a kira..."

"Na iya duba agogo. Kwafi tara zan yo in dawo." Ya kama hannun ƙofa, ya juyo. "Ban ce na yarda ba. Kada wanda ya ce na yarda. Ki zauna nan, ki zauna na ce, kada ki motsa sai na dawo. Shi kuma mai rubuta aure a fom, ki gaya masa ni ba allon sanarwa ba ne, ina da gida, ina da ƙofa." Ya nuna ni da fayil ɗin. "Ke kuma Inna, in na ji wannan a bakin mai kitso..."

"Ni? Ba zai wuce ɗakin nan ba."

Ya harare ni. Ya matse fayil ɗin a hammata ya fita, ya bugo ƙofar har kalandar bango ta faɗo.